Abin Da Ya Sa Na'urar Tace Ruwa Ta RO Ke Ɗigo A Gida Mai Tankin Sama, Da Yadda Ake Gyara Ta

Tallar ƙananan na'urorin tace ruwa na gida, waɗanda ake kira RO, ta yawaita a Facebook da TikTok. Matashi yana gani sai ya tuna da ruwan zartsin da ake sha a gidansu, ya tara kuɗi ya saya wa iyayensa. A kawo na'ura, mai gyaran famfo ya haɗa ta da tankin sama, a buɗe kan famfo, sai a ga ruwa yana ɗigowa kamar hawaye, ko ma ya ƙi fitowa sam. Daga nan sai a fara zargin mai shago da sayar da jabun kaya.

Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ta rasa shi ne matsin ruwa. An ƙera yawancin irin waɗannan na'urori ne don gidajen da ruwan famfon gwamnati yake shigowa da ƙarfi dare da rana. A gari kamar Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa ta jihar Kano, gidan da ya samu hali rijiyar burtsatse yake haƙawa ya ɗora tankin roba a kan ƙarfe, sauran jama'a kuma su dogara da rijiya da famfon tuƙa-tuƙa da 'yan garuwa. Wanda zai sa RO a irin wannan gida dole ya fahimci lissafin matsi kafin ya fitar da kuɗinsa.

Yadda RO take aiki

Idan aka raba ruwa mai gishiri da ruwa maras gishiri da wani siririn tantani, ruwan da kansa zai riƙa ratsa tantanin yana komawa ɓangaren mai gishiri. Wannan ɗabi'a ita ce ake kira osmosis, kuma wani masani ɗan ƙasar Faransa, Jean-Antoine Nollet, ya bayyana ta tun a shekarar 1748. Na'urar RO tana juya wannan tafiya ne da ƙarfin tsiya: a matsa ruwa mai gishiri a jikin tantanin har tsantsar ruwan ya ratsa ya fita, gishirin da sauran abubuwan da suka narke su tsaya a baya, a wanke su ta wani bututu daban.

Tantanin da ya sa wannan aiki ya yiwu a aikace, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka samar da shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles wajen shekarar 1960. A 1965 garin Coalinga na ƙasar Amurka ya fara shan ruwan da aka tace ta wannan hanya. Na'urar da ake maƙalawa a kicin yau ƙanwar waccan ce, kuma ƙa'idar ba ta sauya ba. Ƙofofin tantanin ƙanana ne matuƙa, ruwa ba ya ratsa su da nauyin kansa kamar yadda yake ratsa ƙyallen tatar koko. Sai an tura shi.

Ana auna wannan turi da psi ko bar. Bar ɗaya daidai yake da psi 14.5. Yawancin na'urorin gida suna buƙatar aƙalla psi 40, kuma sun fi jin daɗin aiki tsakanin psi 60 zuwa 80.

Girman tanki daban, tsayinsa daban

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa babban tanki yana ba da babban matsi. Mai amfani da waya zai fi saurin gane bambancin. A jikin batir akwai lambobi biyu: mAh, wanda yake nuna yawan cajin da yake ɗauka, da bolt, wanda yake nuna ƙarfin turin wutar. Litocin da aka rubuta a jikin tankin GeePee kamar mAh suke. Matsin ruwa kuwa kamar bolt yake, kuma daga tsayi kaɗai yake zuwa.

Kowace mita ɗaya ta tsayi, daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa inda na'urar take, tana ba da kimanin psi 1.4. Mita 10 tana ba da kusan bar ɗaya. Tanki mai lita 500 da mai lita 5,000, muddin saman ruwansu yana tsayi ɗaya, matsinsu ɗaya ne.

A ɗauki gida mai ɗaki a ƙasa, wanda saman ruwan tankinsa yake mita 4 daga inda aka maƙala na'urar. Matsin da zai samu bai kai psi 6 ba. Idan mita 6 ne, kusan psi 8 da rabi. Kafin a samu psi 40 da nauyin ruwa kaɗai, sai an ɗaga tankin mita 28, wato tsayin bene mai hawa takwas ko tara. Babu maƙerin da zai ƙera wa gida irin wannan ƙafar tanki.

Abubuwa biyu da ke cin matsin

Ko ɗan matsin da aka samu ma, ba dukkansa ne yake tura ruwa ba. Akwai abubuwa biyu da suke karɓar rabonsu tukuna.

Na farko shi ne gishirin da ke cikin ruwan. Ana auna yawan abubuwan da suka narke a ruwa da ma'aunin TDS, wanda yake ba da lamba a ppm, wato miligiram nawa ne a cikin kowace lita. Duk ppm 100 yana ja da baya da kimanin psi 1. Ruwa mai ppm 500 ya riga ya cinye psi 5. Mai ppm 1,500, irin wanda harshe yake jin zartsinsa sosai, ya cinye psi 15.

Na biyu shi ne ƙaramin tankin ajiya da ke zuwa tare da na'urar, wanda yake kama da tukunyar gas fara ko shuɗiya. A cikinsa akwai jakar roba da ta raba shi gida biyu: ɓangaren ruwa da ɓangaren iska. Kamfani yana hura masa iska mai psi 5 zuwa 7 tun yana fanko. Duk ruwan da zai shiga sai ya danne wannan iska.

Yanzu a haɗa lissafin gidan nan mai mita 4. Ana da psi 6 a hannu. Gishiri ya ɗauke 5, iskar tanki tana neman 7. An ci bashi tun ba a fara ba. Ko ɗigo ɗaya ba zai shiga tankin ajiya ba, amma bututun zubar da ruwan datti zai iya ci gaba da tsiyaya, yana ƙarar da tankin sama a banza.

Amfanin ƙaramin tankin da illarsa

Tantanin RO ba ya sauri. Lambar da ake rubutawa a jikinsa, kamar 50 GPD ko 75 GPD, tana nufin galan nawa zai tace a yini cikakke. GPD 50 lita 189 ne a awa 24, wato ƙasa da lita 8 a awa ɗaya. GPD 75 kuma kusan lita 12 a awa. Waɗannan lambobi ma a ɗakin gwaji aka same su, da matsin psi 50 zuwa 60, da ruwa mai ɗumin digiri 25, ba tare da wani tanki yana turowa daga baya ba. Da za a sha kai tsaye daga tantanin, cika kofi ɗaya zai ci kamar minti biyu. Shi ya sa ake tara ruwan a tanki, iskar da aka danne kuma ta turo shi da ƙarfi idan an buɗe kan famfo.

Illar ita ce, yayin da tankin yake cika, iskar tana ƙara matsewa, tana ƙara turowa baya. Kowa ya san yadda waya take caji da gudu daga kashi 10 zuwa 60, sannan ta koma tafiyar hawainiya idan ta haura 80. Haka tankin RO yake. Idan ruwa yana shigowa da psi 70, gishiri ya ci 5, iska ta ci 7, saura 58 a farko. Lokacin da matsin tankin ya kai psi 35, abin da ya rage 30 ne kawai. Gudun tacewa ya ragu da kusan rabi.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa tanki ba ya ɗaukar abin da girmansa ya nuna. Dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 ta ce iska tana ƙanƙancewa gwargwadon yadda aka matsa ta. Idan aka bi wannan lissafi a kan tanki mai cikin lita 12 wanda aka hura wa psi 7, ga abin da zai ɗauka:

Idan ya tsaya a psi 20, lita 4 da rabi.
Idan ya tsaya a psi 30, lita 6 da ɗoriya.
Idan ya tsaya a psi 40, lita 7 da ɗoriya.

A na'urorin da ba su da injin lantarki, akwai wani bawul da yake rufe shigar ruwa idan matsin tanki ya kai kusan kashi biyu bisa uku na matsin da ke shigowa. Mai psi 60 tankinsa zai tsaya a 40. Mai psi 30 nasa zai tsaya a 20. Ƙarancin matsi ke nan yana cutarwa ta fuska biyu: tacewa a hankali, ajiya kuma kaɗan.

Ƙarancin matsi yana taɓa ingancin ruwan

Wannan ɓangaren ya fi na jinkiri muhimmanci. Tantanin RO ba ya tare gishiri ɗari bisa ɗari. Kullum akwai ɗan abin da yake silalewa, kuma yawan abin da ke silalewar kusan ɗaya ne ko da matsi ko babu. Abin da matsi yake ƙarawa shi ne yawan tsantsar ruwan da ke ratsawa. Idan ruwan ya yi yawa, ɗan gishirin sai ya ɓace a ciki. Idan ruwan ya yi kaɗan, gishirin sai ya yi tasiri. Na'urar da ya kamata ta cire kashi 95 cikin 100 za ta iya komawa cire abin da bai kai haka ba, alhali ruwan a ido garau yake.

A karkarar Kano gonakin gero da dawa da gyaɗa da wake sun zagaye gidaje, ana zuba musu takin gargajiya da na zamani duk shekara, kuma a gidaje da yawa shaddar gida ba ta da nisa da rijiya. Duk inda aka samu haka, sinadarin naitiret yana iya sauka cikin ruwan rijiyar da ba ta da zurfi. Ba shi da launi, ba shi da wari, tafasa ruwa kuma ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa kauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita, haka ma ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, NIS 554, wadda hukumar SON ta fitar a 2007. Haɗarinsa ya fi yawa ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madarar gwangwani, domin yana hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. RO tana rage naitiret, amma yana cikin sinadaran da suka fi saurin silalewa idan matsi ya yi ƙasa. Gidan da ya sa na'urar saboda jariri, ya bar ta tana aiki da raunin matsi, yana iya zama da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

Ruwan da ake zubarwa

Kowace RO tana da bututun da ke fitar da ruwan da ya kwashe gishirin. A na'urorin gida na yau da kullum, duk lita ɗaya ta ruwan sha tana tafiya da lita 3 zuwa 4 na wannan ruwa, kuma idan matsi ya yi ƙasa rabon yana ƙara muni. Gidan da ke buƙatar lita 20 na sha a rana zai ba na'urar lita 80 zuwa 100, kusan jarka huɗu masu lita 25. Ga wanda yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ko yake ƙona fetur kafin ya cika tanki, wannan kuɗi ne.

Ba daidai ba ne a toshe bututun don a yi tattali, domin gishirin zai daskare a jikin tantanin ya kashe shi. Abin da ya dace shi ne a tara ruwan a duro, a yi wanki da wanke-wanke da goge ɗaki da koron banɗaki da shi. Kada a sha, kada a dafa abinci da shi.

Maganin matsalar

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen na'ura mai ɗauke da injin ƙara matsi, wanda masu shago suke kira busta. Ƙaramin inji ne mai amfani da bolt 24 ta hanyar adafta, kuma wutar da yake ci a na'urori masu GPD 50 zuwa 75 ba ta wuce ta cajar ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka ba. Ƙaramin sola mai inbata zai ɗauke shi ba tare da wahala ba. Shi ne yake ɗaga ruwan tankin sama zuwa psi 60 ko 80. Na'urar da aka riga aka saya babu shi ma ana iya ƙara mata.

Sai dai akwai wani tarko. Irin waɗannan na'urori suna da makunni biyu masu aiki da matsi. Ɗaya yana kashe injin idan tankin ajiya ya cika. Ɗayan yana hana shi tashi idan ruwan da ke shigowa ya yi rauni, don kada ya yi aiki a bushe ya ƙone. A yawancinsu wannan na biyun yana neman matsin da bai wuce psi 5 ko makamancin haka ba, amma tankin da ke mita 3 ko 4 a kan iyakar yake. Da safe tanki a cike, na'ura ta yi aiki. Da yamma ruwa ya sauka, ko matatar farko ta ɗan toshe da yashi, sai injin ya riƙa tashi yana mutuwa. Wasu masu gyara sukan cire makunnin su haɗa wayoyin kai tsaye, wanda hakan yana nufin ranar da tankin sama ya ƙare, injin zai ci gaba da juyawa babu ruwa. Abin da ya fi shi ne a sauko da na'urar ƙasa-ƙasa, a gajarta bututun da ke kawo mata ruwa, a rage lanƙwasa, a kuma canza matatar farko a kan lokaci.

Haɗa RO kai tsaye da bututun injin burtsatse ba dabara ba ce. Matsin yana zuwa ne kawai lokacin da injin yake aiki, kuma yana zuwa da fizga. Idan matsi ya wuce psi 80, ana buƙatar bawul mai rage shi, in ba haka ba kofunan matatun suna iya tsagewa.

Wane iri ya dace da inda wuta ba ta tsayawa?

Akwai sababbin na'urori marasa tanki, masu GPD 400 zuwa 600, da suke tacewa nan take. Suna da kyan gani, ba sa cin wuri, amma da zarar wuta ta ɗauke ruwa ya tsaya. Mai tankin iska kuwa kamar fawa bank yake: ya tara lokacin da ake da wuta, ya bayar lokacin da babu. Akwai iri na uku da ake ratayewa a bango, wanda ya yaɗu a Indiya, mai buɗaɗɗen tanki da ruwa yake zuba a ciki ba tare da danne iska ba. Wannan ba ya turowa baya, don haka tantaninsa yana amfani da matsin gaba ɗaya.

Ana iya kwaikwayon wannan a gida, a bar ruwan da aka tace ya riƙa zuba cikin bokiti mai murfi da kan famfo a ƙasa. Randa tana sanyaya ruwa, amma muddin ana tsoma moɗa da hannu a ciki, ƙwayoyin cutar da aka tsere wa za su dawo.

Hunturu da bazara

Ruwan sanyi ya fi wuyar ratsa tantani. Duk digiri ɗaya da ya sauka ƙasa da 25, abin da ake samu yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100. A safiyar Disamba da Janairu, ruwan da ya kwana a tankin sama yana iya sa na'ura ta rage fiye da rubu'in aikinta. Wannan ba lalacewa ba ce, rana tana ɗagowa za ta farfaɗo. A watan Afrilu kuma akasin haka ake fama da shi. Yawancin tantanin gida iyakar zafin da suke jurewa digiri 45 ne, kuma baƙin tanki ko bututun da ya yini a rana yana iya kusantar haka. A yi wa tankin rumfa, a binne bututun ko a naɗe shi, a bar na'urar ta yi aikinta da dare ko da sassafe.

Yadda ake duba tankin ajiya

Idan ruwa ya fara fitowa da ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya mutu, a ɗaga tankin a ji nauyinsa. Idan yana da nauyi amma ruwa ba ya fita, iskarsa ce ta zurare. Idan shafal yake, matsalar daga tacewa ce: matsi, ko toshewar matata, ko tantani.

Don gyara iskar, a kashe wuta, a rufe ruwan da ke shigowa, a buɗe kan famfo har ruwa ya daina fita. A jikin tankin akwai bawul irin na tayar babur. A hura masa iska kaɗan da famfon keke, kan famfo yana buɗe, don ragowar ruwan ya fita. Bayan ya zama fanko, a auna da gejin da ke iya karanta ƙananan lambobi, a daidaita shi a psi 7. Kada a kai wa mai faci ya sa masa injinsa, domin cikin daƙiƙa ɗaya zai wuce gona da iri, kuma iskar da ta yi yawa tana rage wurin ruwa. Idan aka danna bawul ɗin ruwa ya fito maimakon iska, jakar robar ta fashe, sai sabon tanki.

Kafin a saya

Abu na farko da ya kamata a saya shi ne ma'aunin TDS, ɗan ƙarami mai kama da biro. Ƙa'idar NIS 554 ta sa iyakar TDS a miligiram 500 cikin lita. Idan ruwan gida yana ƙasa da haka sosai kuma ba shi da zartsi, wataƙila abin da ake buƙata maganin ƙwayoyin cuta ne, kamar tafasawa ko kulorin, waɗanda ba sa zubar da ruwa. Ma'aunin TDS dai ba ya ganin ƙwayoyin cuta, ba ya kuma ware naitiret daga sauran gishiri. Wannan sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Su kansu na'urorin RO na gida an yi su ne don ruwan da aka riga aka kashe ƙwayoyin cutarsa, shi ya sa wasu suke zuwa da fitilar UV.

Bayan an haɗa, a auna ruwan da ke shiga da wanda ke fita. Idan 500 ne ya koma 25, na'urar tana cire kashi 95. Idan ya koma 120, akwai matsala, kuma matsi za a fara dubawa kafin a zargi tantani. A rubuta lambobin a waya tare da kwanan wata, a maimaita duk wata. Matatun farko ana canza su duk wata 6 zuwa 12, ko ƙasa da haka idan burtsatsen tana kawo yashi. Tantanin yakan yi shekara 2 zuwa 3 idan ana kula da shi.

Tambayoyin da za a yi wa mai shago huɗu ne: shin tana da busta, GPD nawa ce, lita nawa take zubarwa kafin ta ba da lita ɗaya, kuma ana samun matatunta a Kano? Kafin a bar gida kuma, a ɗauki tef a auna tsayin tankin sama, a ninka mitocin da 1.4. Idan amsar ba ta kai 40 ba, na'ura maras busta ba ta wannan gidan ba ce, komai arharta.